Kuɗin riɗi ya shigo hannu: hannun jari ko ajiyar hatsi?

Malam_na_Ringim:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Na sayar da riɗin bana, na biya bashin taki da na 'yan ƙwadago, ɗan abin da ya rage nake so in juya kada ya narke a hannu. A da, masara ko gero nake saye a Gujungu in kulle a ɗaki sai damina ta tsaya. To ƙanena da ke aiki a Abuja ya hana ni sakat da waya, wai in sa a hannun jari, kasuwar Legas sai hawa take yi, har ma'auninta ya haura 150,000 a watan Oktoban 2025. Ni ban san ko 150,000 ɗin naira ce ko buhu ba. Wannan tashin na gaske ne ko zuga ce? Kuma mutumin karkara irina yana da wurin tsayawa a ciki?

DanGujungu:
Wa alaikumus salam. Malam sayi buhunka ka ajiye. Abin da ba za ka buɗe ƙofa ka ƙirga ba, ni ban ɗauke shi dukiya ba.

MaiShago_Dawanau:
DanGujungu, Allah ya sa ba ka cikin waɗanda suka ajiye a kakar 2024. Mu da muke cikin kasuwa mun ga abin da ya faru. Mutane sun cika ɗakuna da masara da shanshera da tsada, suna jiran damina farashi ya ninka kamar yadda ya yi a shekarar da ta gabata. Sai ga shi gwamnati ta janye harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, amfanin gona kuma ya yi kyau. Da 2025 ta shigo farashi sai ƙasa. Abin da ya fi ba ni mamaki, tun kayan wajen ba su cika kasuwa ba, labari kawai ya zaga, kowa ya buɗe sito yana neman mai saye. Na san mutumin da ya sayar ƙasa da kuɗin da ya saya, ga kuɗin maganin ƙwari, ga na 'yan dako, ga hayar sito. Ajiya ma tana cin mutum.

Akanta_Dutse:
Malam, barka da kaka. 150,000 ɗin nan ba kuɗi ba ne, maki ne. Kasuwar da ake kira NGX yanzu, wadda aka kafa a Legas a 1960, tana da ma'auni da ke haɗa darajar kamfanonin da ke cikinta. An fara shi da maki 100 a 1984. A ƙarshen 2022 yana wajen 51,000. A 2023 ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100, a Janairun 2024 ya tsallake 100,000, shekarar ta ƙare yana wajen 102,900. A Oktoban 2025 ya wuce 150,000. Ƙanenka bai yi ƙarya ba.

Sai dai a tambayi dalili. Wani ɓangare na tashin riba ce ta gaske. Da aka saki naira a Yunin 2023, bankunan da ke riƙe da dala sun bayyana ribar da ba su taɓa gani ba. Kamfanonin da ake bin su bashin dala kuwa sun sha wuya. MTN Najeriya ta yi asarar kusan naira biliyan 400 a 2024, amma a 2025 ta dawo kan riba bayan an amince da ƙarin kuɗin kira da na data da kashi 50, hannun jarinta kuma ya yi tsalle. Kamfanonin siminti su ma sun ci moriyar tsadar buhu.

Ɗaya ɓangaren kuma ra'ayin masu zuba jari ne kawai, wato abin da MaiShago ya gani a Dawanau: labari ya zaga, kowa ya motsa tun kafin a ga kaya. Idan jama'a suka saki jiki sai su saya da kowane farashi, idan suka tsorata sai su zubar da kowane farashi, kamfanin kuwa yana nan yadda yake jiya.

Sani_Mai_POS:
To Akanta, ashe duk wanda ya sa miliyan ɗaya a farkon 2023 yanzu yana da uku kenan? Mu muna nan muna tara naira ɗari-ɗari ta cajin cire kuɗi.

Akanta_Dutse:
Sani, in ya sayi abin da ya bi ma'aunin sau da ƙafa, e, kusan haka. Amma 'yan manyan kamfanoni ne ke jan ma'aunin: Dangote Cement, BUA Foods, BUA Cement, MTN, Airtel Africa da manyan bankuna. Sai ma'auni ya tashi naka kamfanin yana kwance. Sannan ka auna da dala. Miliyan ɗaya a farkon 2023, a farashin gwamnati na wajen 460, ta haura dala 2,100. A ƙarshen 2024 ta zama miliyan biyu, amma dala ta wuce 1,500, wato wajen dala 1,300 ke hannunka.

Dan_Wapa:
Ranka ya daɗe wannan lissafin da gyara. Wa yake samun dala a 460 a lokacin? Sai mai uwa a gindin murhu. A kasuwar canji ta Wapa a Kano wajen 750 muke sayarwa. In ka raba da 750, miliyan ɗaya dala 1,300 da ɗoriya ce. Kenan mai hannun jari bai yi wata babbar asara ba, kusan riƙe darajar kuɗinsa ya yi. Wanda ya bar su a asusun ajiya shi aka yi wa yankan ƙauna.

Akanta_Dutse:
Na karɓi gyara, Alhaji. Kuma a 2025 nairar ta ɗan tsaya da ƙafarta, hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 ta sauko zuwa wajen 16 a Oktoba, kodayake an sauya tsarin lissafin a farkon shekara. Don haka ribar 2025 ta fi ta shekaru biyun baya auki.

Baba_Dan_Fansho:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, don irin wannan zumuɗin na taɓa ganinsa da idona.

Bayan Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce kowane banki sai ya tara jarin biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Daga nan aka shiga sayar da hannun jari kamar ƙosai. Ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a lokacin. Ma'aikatan wani banki suka zo da mota, suka kafa tebur a gindin darbejiya, ga fom ga biro, har da kalanda da 'yar jaka kyauta. Masinja ya saya, direban ciyaman ya saya, mai shayin bakin ƙofa ma ya saya. Wanda ba shi da kuɗi, bankin ya ba shi rance ya sayi hannun jarin bankin. Ni shanu biyu na sayar a Wudil na zuba. Takardar shaida ta zo da zanen ado a gefe kamar ta kammala makaranta, na sa a leda na ajiye a ƙasan akwatin ƙarfe.

A Maris 2008 ma'aunin nan da Akanta yake faɗa ya kai 66,000 da 'yan kai. Kafin shekara ta zagayo ya dawo wajen 20,000. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Bankin da na saya daga baya wani ya haɗiye shi, abin da aka ba mu a madadi bai kai kuɗin tunkiya ba. Kuma ku tambayi Akanta yaushe ma'aunin ya sake ganin 66,000. Sai a Agustan 2023. Shekara 15. Masinjan nan har ya rasu bai ga dawowarsa ba, Allah ya ji ƙansa.

Yanzu ma na ji Babban Banki ya ce manyan bankuna su tara biliyan 500 kafin ƙarshen Maris 2026, suna ta tallar hannun jari. Ban ce iri ɗaya ba ne. Amma idan na ji ana zancen a majalisar mai shayi, gabana faɗuwa yake yi.

Ummu_Hanifa:
Allah ya ji ƙansa. Baba wallahi labarin nan ya taɓa ni, mahaifinmu ma haka aka yi da shi.

Dalibin_BUK:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma akwai bambanci. A 2008 kuɗin rance ne ya hura kasuwar, ga kuma Turawa da suka kwashe jarinsu da rikicin kuɗi ya ɓarke a Amurka. Yanzu wajen kashi 80 na cinikin 'yan gida ne ke yi, ciki har da kamfanonin fansho masu ajiyar dogon zango. Ba su da inda za su gudu da kuɗin cikin dare.

Baba_Dan_Fansho:
Yaro, ɗan gida ma ya iya gudu.

Akanta_Dutse:
Baba ya yi gaskiya a nan, kuma ba sai an je 2008 ba. A Yunin 2025 Babban Banki (CBN) ya ce bankunan da ya sassauta wa ƙa'idojin bashi su dakatar da rabon riba, nan take hannun jarin bankuna ya sauka, bayan an yi bayani ya farfaɗo. A Nuwamba kuma, saboda fargabar sabon harajin ribar sayar da hannun jari da zai fara a Janairun 2026, an wayi gari ma'aunin ya faɗi da kusan kashi 5 a yini ɗaya, darajar kasuwar ta ragu da fiye da naira tiriliyan 4. Ba masana'antar da ta ƙone a ranar. Abin dariyar, dokar ta keɓe ƙananan masu jari: in abin da ka sayar a shekara bai kai miliyan 150 ba, ribarka kuma ba ta wuce miliyan 10 ba, harajin bai shafe ka ba. Amma da manya suka fara zubarwa, ƙanana suka bi su a guje.

Ustaz_Gumel:
Kafin a yi nisa da lissafi, akwai tambayar da ya kamata ta zo farko. Halal ne? Malam_na_Ringim, ka sani mai hannun jari abokin tarayya ne a kamfani, komai ƙanƙantar rabonsa. Kamfanin da sana'arsa ruwa ce, ko giya, ko caca, ba maganar shiga. Wanda sana'arsa halal ce kamar siminti, abinci ko sadarwa, amma yana da ɗan bashin ruwa, malaman zamani da yawa sun yi rangwame da sharuɗɗa: kada bashin ya wuce wajen kashi 30, kada abin da ke shigowa ta haram ya wuce kashi 5, kuma ka fitar da wannan kason daga ribarka ka bayar. Wasu malaman ba su yarda da rangwamen ba, gara ka san da wannan. Sannan akwai zakka in ya kai nisabi.

DanGujungu:
Allah gafarta Malam, ni caca na ɗauke shi gaba ɗaya. Ka saya yau, ka zauna kana kallon waya ko ya hau.

Ustaz_Gumel:
Kai da kake sayen gero ka zauna kana jiran ya hau fa? A kan naka ma akwai magana, in abinci ne kuma jama'a suna cikin matsi. Mallakar yanki a kamfani mai aiki ba caca ba ce. Wanda ya saya bai san me kamfanin ke yi ba, don kawai ya ji ana ihu, shi ne ya kusanci abin da kake faɗa.

Hajiya_Mai_Adashi:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni dai abin da na sani shi ne sukuk, takardar zuba jari ta Musulunci wadda ba ruwa a ciki. Tun 2017 gwamnatin tarayya ta fara, na farko biliyan 100, ana yin tituna da kuɗin, ana biyan haya duk wata shida. Ƙanwata ce ta cika min fom a banki. Ba ya tsalle, amma ina barci. Sauran kuma ɗan zinare nake saye in na kwashi adashi. A 2025 kuwa zinare ya yi abin da bai taɓa yi ba, an ce a kasuwar duniya ya wuce dala 4,000 kowane oza a Oktoba. Matan da ake yi wa dariya da sayen ɗankunne yanzu su ke dariya.

Dalibin_BUK:
Hajiya, tashin zinaren nan shi ma alamar tsoro ce, in manyan masu kuɗi ba su natsu ba can suke fakewa. Abin mamakin 2025 shi ne zinare yana hawa, kasuwar Amurka ma tana hawa. A farkon Afrilu da Trump ya ƙaƙaba wa ƙasashe haraji, ma'aunin kasuwar Amurka na S&P 500 ya zube da kusan kashi 10 cikin kwana biyu. Ranar 9 ga wata ya ce ya dakatar na kwana 90, a yinin ya tashi da kashi 9.5. Magana ɗaya ta mutum ɗaya. Daga nan zazzaɓin ƙirƙirarriyar basira ya kwashe su, kamfanin Nvidia mai ƙera sassan kwamfutar da fasahar ke aiki da su ya kai darajar dala tiriliyan 4 a Yuli, tiriliyan 5 a Oktoba. Can ma gardamar da muke yi suke yi, wasu na cewa kumfa ce, wasu na cewa ribar ta gaske ce.

Ustaz kuma, don sauƙaƙa wa Malam: akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic da ke tace kamfanonin da suka cika sharuɗɗan, kuma bankin Jaiz yana cikin kasuwar tun 2017.

Sani_Mai_POS:
Ni wani ya sa ni a wani zaure na WhatsApp wai ana rijistar hannun jarin matatar Dangote tun yanzu, a tura dubu 50 a kama wuri. Gaskiya ne?

Akanta_Dutse:
Sani kada ka tura ko sisi. Dangote ya ce zai kai matatar kasuwa, amma in lokacin ya zo za a sanar a fili, da amincewar SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ta hannun dillalai masu rijista. Ba a kama wuri a WhatsApp. Duk lokacin da kasuwa ta yi zafi 'yan damfara suke fitowa. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu irin wannan, amma ɗaurin wani ba ya dawo maka da kuɗinka.

Hannun jari na gaske, za a buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar hannun jarin kasuwar, da sunanka da BVN ɗinka, a ba ka lambar da ake kira CHN. Ko dillalin ya rufe, hannun jarinka yana can. In ka sayar, ba a daɗewa: a Nuwamban 2025 an rage lokacin kammala ciniki zuwa kwana biyu na aiki. Ribar da kamfani ya raba kuma ana cire harajin kashi 10 a tura sauran asusunka.

Ummu_Hanifa:
Yaya Akanta, tunda an zo nan. Takardun mahaifinmu suna nan a jaka, na kamfanoni wajen huɗu, har da na fulawa. Ya rasu. Sun zama shara ko akwai abin yi?

Akanta_Dutse:
Allah ya gafarta masa. Kada ku yar. In kamfanin yana raye, hannun jarin yana nan, wataƙila ma da ribar shekaru da ta taru. SEC ta ce a 2023 ribar da ba a karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190, yawanci saboda rasuwa, sauya adireshi, ko sayen da aka yi da sunaye daban-daban. Ku duba sunansa a shafin SEC, ku gano magatakardan da ke riƙe da rijistar masu hannun jarin kowane kamfani, sannan ku nemi takardar kula da dukiyar mamaci daga kotu. Akwai zirga-zirga, sai an yi haƙuri. Kuma gado ne, a sanar da duk magada.

Baba_Dan_Fansho:
Ashe bari in sa jikana ya zazzage akwatin nan. Akwai wata ta kamfanin sabulu da ban ƙara bi ta kanta ba.

MaiRidi_Maigatari:
Duk kun bar mutum da tambayarsa. Malam, ni manomi ne irinka. Kafin ka ba wa kamfanin wani jari, ka cire kuɗin takin baɗi tukuna, don ka ga yadda taki ya yi tsada hatsi ya yi arha. In ka sa kuɗin noma a hannun jari, watan Yuni ya zo kasuwa tana ƙasa, dole ka sayar da asara, don damina ba ta jiran ma'auni. In akwai saura, ni raguna zan ɗaure. Babbar Sallar 2026 tana wajen ƙarshen Mayu, ranar Alhamis ka shigo Maigatari ka ga yadda ƙanana suke.

MaiShago_Dawanau:
Raguna ma sai ka lissafa dusa da harawa. Amma maganar cire kuɗin taki na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Kuma abin da ban faɗa ɗazu ba: yanzu da kowa ya tsorata da ajiya, hatsin yana da arha. Bara da kowa yake rububi ne ya kamata a ji tsoro.

Dan_Wapa:
To ai ka ba DanGujungu gaskiya kenan, ka kuma ce wa Malam kada ya shiga inda ake rububi yanzu.

MaiShago_Dawanau:
Ban ce ba. Arha tana iya ƙara arha, wa ya san abin da gwamnati za ta sanar gobe?

Dalibin_BUK:
A 2024 ma an ce kasuwar ta yi tsada da ta kai 100,000. Wanda ya jira ta sauko sosai har yau yana jira. Shi ya sa wasu suke saye kaɗan-kaɗan duk wata maimakon su zuba gaba ɗaya.

Baba_Dan_Fansho:
A 2007 ma haka ake ce mana, wanda ya jira yana nan yana jira.

Malam_na_Ringim:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Kuɗin taki na ware shi tun da na karanta maganar MaiRidi. Sauran ban yanke ba. Uwargida ta ji zancen Hajiya ta ce sukuk, ƙanena ya sake kira ya ce siminti, ni kuma zuciyata tana wajen gero. Ustaz, zan so sunayen kamfanonin da ke cikin ma'aunin Musuluncin nan in duba da kaina. Akanta, in mutum zai gwada da dubu 100 kawai, nawa dillali yake cira a saye da sayarwa? Kuma ofisoshinsu na Kano suna buɗewa ranar Asabar? Ranakun aiki ina makaranta.

DanGujungu:
Malam, ko me ka yanke, Lahadi ina kasuwa. Zan tambayo maka farashin gero in turo.